Yadda Aka Kulle Shekari da Safaya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kasuwar Kakuri da hantsi ya san a-kori-kurar Alhaji Haruna, ko da bai san Alhajin ba. Ita ce koriyar nan mai bodin katako, wadda ake jin tarinta tun tana Makera. In ta tsaya ka leƙa ta tagar dama, za ka ga wani ƙato ya cika gidan gaba kamar tuwo a akushi. Shi ne Shekari. Labarinsa nake so in bayar, don shi ba zai bayar ba. Mutum ne da in ka taka masa ƙafa shi zai ce maka sannu.

Ni ɗan ƙanwar Alhaji ne. Na taɓa makarantar Midil kaɗan, ni da ita muka ga ba mu dace ba, muka rabu lafiya. Tun daga nan nake zauren Kawu, in an aike ni in je, in ba a aike ni ba in aiki kaina. Shekari yana ce mini Ɗan Midil, ni kuma ina ce masa Sarkin Sitiyari.

Mutumin kudancin Zariya ne, daga wani ƙauye can gaba da Kachia. Ya zo Kaduna yana bin yayansa Benson, wanda shi ne direban Kawu na fari. A hannun Benson ya koyi tuƙi, a tukunyar gidan Kawu ya yi jiki. Wata rana Benson ya fita kai doya, ya sayar da safayar motar a hanya, ya ajiye motar a tashar jirgi, ya hau jirgin kudu. Har yau ba amo ba labari. Kowa ya ɗauka Kawu zai kori ƙanen. Bai kore shi ba. Ya kira shi zaure a gaban mutane, ya miƙa masa makullin mota, ya ce, "Laifin wani ba ya hawa kan wani. Riƙe, ɗana." Ya bar masa ɗakin ƙofar gida, da ya tashi aure kuma shi ya tsaya masa. Tun ranar Shekari yake tafiya a duniya kamar wanda aka ɗora wa tulu cike da ruwa, ba ya waiwaye da sauri don kada ya zube.

Amma wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Kawu ya sayi sabuwar safaya, cikakkiya, da wilinta da komai, sai dai bai yarda ta hau mota ba. Ya kwantar da ita a zaure, ya shimfiɗa mata buzu, ya mai da ita kujera. Ya ce tana yi wa ƙugunsa daɗi. A kanta yake karɓar gaisuwa, a kanta yake cin goro. Motar da ba ta da safaya kuwa akuya ce a turke. Iyakarta Kakau ɗauko itace da doya, ta dawo Kakuri, ta leƙa Tirkaniya, ta koma gida. In taya ta yi faci, Shekari ya kafa jak a bakin hanya, ya fidda tub, ya liƙe, ya yi ta famfo har rigarsa ta jiƙe. Shekaru aka yi a haka, bai taɓa cewa uffan ba.

Abin da ya tayar da maganar shi ne haihuwa. Matarsa Dorcas ta tafi gidan iyayenta da cikin fari, ta sauka lafiya a tsakiyar damina, namiji. Damina ta wuce, kaka ta shigo, Shekari bai ga ɗansa ba. Sai ga wani ɗan garinsu ma'aikacin reluwe ya zo da saƙon surukinsa, Baba Albert. Tsohon ya ce 'yarsa ba buhun citta ba ce da za a jefa a bayan lori a ce a kai Kaduna. Mai mata ya zo da kansa, ya durƙusa ya gaishe shi a gaban dattawa kamar yadda ake yi, sannan ya ɗauki iyalinsa.

Shekari ya nemi izini. To shekarar ce ake ta aikin masaƙa a Kakuri, leburori sun cika gari, kowa na neman itace da doya, mota ba ta hutawa. Lorin garinsu kuma sai ranar kasuwa take zuwa, zuwa da dawowa sai ya cinye mako. Kawu ya ce, "Bari mu ga bayan Juma'a." Juma'a ta zo ta wuce, ya ce, "Bari mu ga ta sama." Shekari ya fara rage tuwo. Wannan ne ya tsorata ni, don ban taɓa ganin ya bar loma a kwano ba.

Ni na kawo dabarar citta. Na ce, "Kawu, ƙasar su Shekari fa citta kamar ƙasa a wannan lokaci. Me zai hana mota ta je ta ɗauko, a haɗa da mai jego? Jifa ɗaya tsuntsu biyu."

Kawu ya tauna goro, ya dube ni kamar yau ya fara ganin amfanina. Ya ce a je.

Shekari yana tsugune a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, hanyar da nisa, ga duwatsu. Ba a shigarta ba safaya."

Kawu ya dubi abin da yake zaune a kai. Can ya ce, "To, ina za ka sa ta? Samo mata wurin da ba zai rage mini kaya ba, ba kuma zai ba ɓarawo sha'awa ba. In ka samo, ɗauki."

Nan muka shiga neman wa taya masauki kamar baƙuwar da ta zo biki. Asalin wurinta a ƙarƙashin mota ne, amma kafintan da ya yi bodin katako ya cire ƙarfen da ke riƙe ta tuntuni, an ce ma ya yi murhu da shi. Muka ce a ɗaure ta can da igiya. Kawu ya ce, "Tayar da ba ta taɓa taka ƙasa ba za ku kwantar cikin taɓo, duwatsu na dukanta?" Muka ce a jefa ta cikin bodi. Ya ce wurin buhu biyu ke nan, ita tayar citta za ta haifa masa? Muka ɗora ta a rufin gidan gaba, rufin ya lotsa har ya danne wa Shekari hula. Muka ɗaure ta a goshin mota, ta toshe wa inji iska, kafin mu kai Tirkaniya ruwan lagireto yana tafasa kamar za a dama koko. Muka rataye ta a murfin baya, murfin ya ɓalle ya bi mu yana jan ƙasa.

Na ce, "To a zaunar da ita a kujerar gaba mana, a ba ta goro."

Wannan ma bai yiwu ba, kuma dole in faɗi dalili. Ƙofar hagu ta motar nan matacciya ce. Ta taɓa buɗewa a kan kwana ta zubar wa Kawu da huhun goro a cikin kwata, ya sa mai walda ya liƙe ta har abada. Duk mai zama a gaba ta ƙofar direba yake shiga, ya ratsa bayan sitiyari, sannan direba ya biyo. Mutum yana iya lanƙwasa ya wuce. Taya ba ta san lanƙwasa ba.

Ana cikin haka Ɗanjuma maƙeri ya ji labari. Tsoho ne a unguwarmu, gwanin fartanya da lauje, bai taɓa zama a gaban mota ba tun da aka haife shi. Ya zo ya zagaya motar da hannu a baya, ya ce, "Ku yaran zamani kuna wahal da kanku. Jaki a ina yake ɗaukar salka? A gefe. A rataye ta a gefe." Ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya ce ƙarfen kirki ɗaya ne a jikinta, a dama, inda gidan gaba ya haɗu da bodi. Ya auna da ɗani da yatsu, ya tafi maƙera.

Ran Lahadi ya yi aikin, Shekari yana coci, mota tana tsaye, ƙofarta a rufe. Ya kafa wani hannun ƙarfe mai kaurin taɓarya, ya daddake kawunan ƙusoshin da zafi yadda ko aljani ba ya kwancewa, ya yi masa baki na sa kwaɗo. Aiki dai ya yi kyau, ba ƙarya.

Da safiyar Litinin aka mirgino safaya daga zaure, Kawu yana biye da ita kamar mai rakiyar amarya. Aka ɗaga ta aka rataya. Ta zauna daram. Shekari ya kama ƙofa zai shiga, ƙofa ta buɗe kamar faɗin yatsa ta daki taya ta tsaya.

Na ce, "Baba Ɗanjuma, jakin naka ta ina ake hawansa?"

Ya ce, "Yo wa ya gaya mini waje take buɗewa? Ƙofar ɗakina ciki take yi."

Aka sauke taya, na shiga, Shekari ya shiga ya rufe ƙofa, aka mai da taya. Kawu ya fiddo wani kwaɗo mai girman tafin hannu ya datse. Ya ja baya yana kallo, fuskarsa ta washe. Ya ce, "Kai, Ɗanjuma, Allah ya yi maka albarka. Ba ta ci wurin kaya ba, ɓarawo kuma sai dai ya kalla." Ya jefa makullin a aljihu, ya ɗaga hannu ya fara yi mana addu'ar tafiya.

Na dubi Shekari. Shekari ya dubi sitiyari. Na san ba zai tambaya ba. Ƙanen Benson ya buɗe baki ya nemi makullin safaya? Gara ya haɗiye harshensa. Sai na leƙo na ce, "Kawu, makullin fa?"

Ya yanke addu'a. "Kai, wane irin mugun baki ne da kai? Ba ku ko tashi ba kana yi mana fatan faci? Wanda ya tafi da makulli ai ya gayyato faci ne da kansa. Ku tafi, Allah ya kiyaye."

"To in Sarkin Sitiyari zai sauka fa?"

"Sauka ya yi me? Tuƙi aka aike shi. Kai ne mai cinikin citta, kai kuwa ko ta hancin buta ka fita."

Shekari ya ce, "Ba komai, Alhaji." Ya tayar da mota.

Ba zan tsawaita labarin hanya ba. Mun wuce Kujama, mun wuce Kufana, mun wuce Idon, duwatsu na ta dukan cikin mota. Ni in na gaji in zare ta tagar hagu kamar zare a allura, in miƙe ƙafa, in sayo rake. Shi yana zaune. Abin da ɗan Adam ba ya iya riƙewa kuma, wani gwangwanin man inji ya yi mana hidima, Allah ya saka masa. Duk hanyar magana ɗaya yake maimaitawa: "In mun isa zan gwada taga. Ai na rame kwanan nan." Na ce, "Ƙwarai, ka rame. Da giwa ce, yanzu ɓauna."

Da la'asar muka shiga garin. Yara suka biyo mu da gudu, mata suka rangaɗa guɗa. Baba Albert yana zaune a kan gungume a gindin ɗorawa, dattawa na kewaye da shi, ya sa rigarsa ta zuwa coci. Ashe labarinmu ya riga mu, tun hantsi suke jira. Shekari ya kashe mota. Na zare ta taga na tsuguna na kwashi gaisuwa. Tsohon ko kallona bai yi ba. Ƙofar dama yake kallo.

Shekari ya cire hula, ya sunkuyar da kai har goshinsa ya taɓa bakin taga, ya yi gaisuwa da yarensu. Ba wanda ya amsa. Guɗa ta mutu. Can tsohon ya yi magana, da Hausa kuwa, ina jin don in kwashe in kai gida ne.

"Kai Bahaushe, direban nan naku gurgu ne?"

"A'a Baba, ƙafafunsa lafiya lau. Su suka kawo mu."

"To me ya hana su taka ƙasata?"

Na yi bayani iyakar iyawata. Ban taɓa ba da labarin da ya fi wannan wuyar faɗa ba, don tun ina tsakiya wasu samari suka fara tuntsira dariya. Tsohon ya tashi, ya zagaya motar, ya ɗan daki kwaɗon da sandarsa. Ya ce, "Wannan ne? A kira maƙerinmu. Bugu ɗaya ne."

Na ce, "Madalla, Baba! Abin da nake faɗa ke nan tun Kujama."

Shekari ya ce, "Baba, don Allah kada a taɓa. Bari in fito ta nan."

Ya tuɓe riga, ya zuro kai da hannu ɗaya da kafaɗa. Nan ya tsaya. Samari suka kama hannun suna ja, ni na koma ciki ina turawa da ƙafa. Wata tsohuwa ta kawo man kaɗanya aka shafe masa haƙarƙari. Ƙarfen taga ya kankare masa fata har jini ya tsattsafo, numfashinsa ya fara sarƙewa, idanu suka yi ja. Ba gaba, ba baya. Da ƙyar muka mai da shi ciki. Ya zauna yana haki, man yana ɗiga a sitiyari. Yanzu kam ba mai dariya.

Maƙerin garin ya iso da masaba a kafaɗa, ya tsaya yana jiran a ce masa buga.

Baba Albert ya matso dab da taga ya ce, "Ga maƙeri, ga kwaɗo, ga ƙasa. Me kake jira?"

Shekari ya ce, "Baba, ka san abin da Benson ya yi a gidan mutumin nan. In na koma da karyayyen kwaɗo ba wanda zai tambayi dalili. Za a ce jininsu ne."

"Ni ma a garin nan ana cewa. Za a ce Albert ya miƙa 'yarsa ga wanda ya gaishe shi daga sama, kamar Joji, Baturen mulki, a rangadi."

Na sa baki na ce, "Sarkin Sitiyari, a fasa. In mun koma in ce ni na fasa. Ni ai ba ni da sunan da zai ɓaci."

Ya ce, "Ɗan Midil, Alhaji ya san hannunka ko gyaɗa ba ya fasawa. Kuma ba kai aka miƙa wa mota a gaban mutane ba."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Ba fushi na gani a fuskarsa ba, wani abu ne mai kama da gajiya. Ya ce, "Kai yaron kirki ne, na sani, shi ya sa na ba ka ita. Amma mutumin da ƙofarsa ke aljihun wani, ina zai ajiye mace da ɗa? Ranar da ka iya saukowa ka durƙusa a nan, ka zo. Tana nan, ba inda za ta." Ya sallami maƙeri da hannu, ya ce a kawo wa baƙi abinci, ya koma kan gungumensa ya ba mu baya.

Sai a lokacin Dorcas ta fito. Doguwa ce, mai ɗan murmushi a gefen baki, ta goyo yaron. Ta taka matakalar mota, ta riƙe safayar da hannu ɗaya, ta leƙa.

"Sannu da hanya, Baban yaro. An ce mini ka rame. Ashe ƙarya ake yi maka."

Ya ce, "Sannu, Dorcas. Ya jiki?"

Ta kwance goyo, ta ɗaga yaron ta saman taya ta zura shi ta taga. Shi kam ya shige ba ko man kaɗanya. Shekari ya karɓe shi da hannu biyu kamar an miƙa masa garwashi, ya rasa inda zai sa shi, ya jingina shi a sitiyari. Yaron ya ƙura masa ido, ya kama gashin ƙirjinsa ya ja. Shekari ya yi ta kallonsa, yana taɓa kunnen, yana taɓa yatsun ƙafa, yana wata magana ƙasa-ƙasa da yarensu. Ni da bakina ba ya rufuwa, ranar na rufe shi, na fita ta taga na je ina duba tayoyin da ba abin da ya same su.

Daga inda nake na ji Dorcas ta ce a hankali, "Kayana a ɗaure suke tun shekaranjiya. Maƙerin bai yi nisa ba. Bugu ɗaya ne fa."



Ta jira. Ta ƙara jira. Sannan ta ce, "To miƙo shi, zai ji yunwa."

Ya miƙo shi.

An zuro masa tuwon acca ta taga, bai ci ba, ni na taimaka masa. A Kachia muka sayi citta muka kwana, ni a kan buhunan, shi a zaune. Washegari muka kamo hanya. Abin haushi, taya ko ɗaya ba ta yi faci ba, zuwa da dawowa.

Muna tsayawa a ƙofar gida Kawu ya fito. Kwaɗon ya fara dubawa, ya juya shi gaba da baya, ya shafa safayar, sannan ya buɗe. Aka sauke ta, Shekari ya fito, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, ya dafa mota. Kawu ya juya ga mutanen zaure ya ce, "Kun gani? Wannan shi ne ɗan amana. Kuma kun ga abin da na ce game da makulli." Ya leƙa bayan mota ya ga citta kaɗai. "Ina mai jegon?"

Shekari ya ce, "Ta ce a gaishe ka, Alhaji."

Ni na fasa ƙwan, na faɗi komai, har da man kaɗanya. Kawu ya yi salati, ya ce lallai surukin nan yana da tsauri, amma kada Shekari ya damu, zai ba shi mako guda cur ya je a lori da zarar aiki ya yi sauƙi. Kuma har zuciyarsa ya faɗa, na san Kawu. Sai dai tunda safaya ta sami wurin zama, ya gano motarsa tana iya zuwa nesa. Bayan kwana biyu aka aike shi Zariya ɗauko barkono. Daga nan Minna. Daga nan Zariya kuma. Kullum da safe Shekari ya shiga, a rataya taya, a datse kwaɗo, Kawu ya yi addu'a.

Makon jiya ɗan reluwen nan ya biyo ta kasuwar Kakuri, ya tsaya a tagar dama. Ya ce yaron ya fara tafiya, har yana bin kaji. Shekari ya tambaye shi ko yaron yana faɗuwa da yawa. Ya ce yana faɗuwa, amma yana tashi. Shekari ya gyaɗa kai, ya ce a gaida su, masu doya suna jira a Kakau.